Injin Jirgin Ruwa Ya Ƙi Tashi? Kar Ka Yi Saurin Kwance Shi



Yau bakin ruwa za mu je. Kawuna yana da jirgi mai injin dizal a Yawuri, yana ɗaukar mutane da kaya a Kogin Kwara. Da hunturun bara injin ya fara yi masa gardama. Kullum da safe sai an sha fama kafin ya tashi, amma in ya tashi shike nan har dare. Wani makanike ya ce sai an kwance injin gaba ɗaya. Kuɗin da ya yanka ya fi ƙarfin Kawu, ga iyali suna jiran abin da jirgin zai kawo.

Na ce, "Kawu, a ba ni kwana ɗaya." Ya yi dariya ya ce, "Ɗan boko, me ka sani a inji?"

To ga abin da na sani. Injin dizal ba shi da fulogi irin na mai fetur. Fistin ne yake matse iska har zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ya feso mai ya kama da kansa. Ke nan abu uku yake bukata: juyi mai sauri, mai mai tsabta, da matsi mai ƙarfi. Da mai sauƙin ake farawa.

Na farko, saurara. In injin yana juyawa a kasalance, batir ne ko wayoyinsa. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 ba lokacin da ake tayarwa. Danshin kogi yana sa kan batir tsatsa, don haka a kankare a ɗaure tamau.

Na biyu, kalli salansa. In inji yana juyawa da kyau amma babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya isowa. Duba tanki, duba makunnin mai, ka tabbatar abin kashe inji ya koma mazauninsa. In kuma farin hayaƙi mai warin gas ne yake fita, man yana zuwa amma ba ya ƙonewa. Nan ne ake zargin sanyi, ko nozul, ko ringi da bawul.

Namu babu hayaƙi. Muka buɗe ƙasan filta muka tara a kwalba, don ruwa ya fi dizal nauyi, a ƙasa yake kwanciya. Babu ruwa. Muka sassauta notin fitar da iska muka danna famfon hannu, sai ga kumfa. Iska ce! Da muka bi tiyon mai, ashe ya ɗan tsage kusa da tanki. Da dare iska take shiga, man ya koma baya, shi ya sa matsalar ta safe ce kawai. Muka canja tiyo, muka fitar da iska har man ya fito ba kumfa. Bugu ɗaya injin ya tashi, haka ma washegari.

Gargaɗi uku, don Allah. Kar a juya inji fiye da daƙiƙa 15 a jere, a bar kik ya huce. In injinka ruwan kogi yake zuƙa ya fitar ta salansa, yawan juyi ba tashi yana iya tara ruwa ya koma cikin silinda, don haka rufe mashigar ruwan, ka buɗe da zarar ya tashi. Sannan kar ka laluba yoyon bututun nozul da yatsa, ƙarfin man yana huda fata.

'Yan'uwana matasa, injin da yake wahalar tashi a gaɓa yana iya mutuwa a tsakiyar kogi da mata da yara a ciki. A gyara shi tun kafin a ɗauki fasinja. In an bi matakan nan har yanzu farin hayaƙi ne, a kira ƙwararre ya auna matsin injin kafin a kwance komai.

Kawu dai yanzu "injiniya" yake kira na. Ku tura wa duk wani mai jirgi da kuka sani. Sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.