Cocin Katolika na Yamai: shekaru 83 kafin ɗan ƙasa ya riƙe ragama

A watan Oktoban 2014 ne Fafaroma Francis ya naɗa Laurent Lompo a matsayin babban bishop na Yamai. Shi ne ɗan Nijar na farko da ya hau wannan kujera. Ko wata huɗu ba a yi ba, sai tarzomar zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta ɓarke, a Damagaram ranar 16 ga Janairun 2015, washegari kuma a Yamai. Mutum goma suka rasa rayukansu, aka ƙona majami'u da dama. Lokacin da aka yi bikin ɗora shi a watan Yuni, toka ce ya tarar.

Tarihin cocin ya faro ne a 1931, lokacin da wani limami Bafaranshe, François Faroud, ya sauka Yamai. A 1961 aka ba ta bishop na farko, Hippolyte Berlier, wanda ya daɗe har 1984. Daga shi sai Guy Romano, sai Michel Cartatéguy, dukkansu 'yan ƙetare. A 2001 aka yanke yankin Maraɗi, wanda ya haɗa Tawa, Damagaram, Agadas da Diffa, a 2007 kuma Yamai ta zama babbar cibiyar cocin a ƙasar.

Mabiya Katolika ko kashi ɗaya cikin ɗari na al'ummar Nijar ba su kai ba, kuma da yawansu 'yan Benin ne, Togo da Burkina Faso da suka zo neman abinci. Shi ya sa aka daɗe ana yi mata kallon cocin baƙi, duk da cewa yara Musulmi ne suka cika makarantunta irin su Mariama.

Lompo Bagurme ne daga yankin Makalondi, kusa da iyakar Burkina, inda cocin ya fi kafa saiwa tsakanin 'yan ƙasa. To amma can ɗin ne yanzu 'yan bindiga suka fi addaba. A Bomoanga aka sace limamin nan ɗan Italiya, Pier Luigi Maccalli, cikin Satumban 2018, bai shaƙi iskar 'yanci ba sai bayan shekaru biyu, a Mali. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu suna gudun hijira a Makalondi, Torodi da Yamai, ciki har da waɗanda suka fi cika bencinan coci a ranar Lahadi.