Mayar da lagireto bayan mota ba zai hana ta tafasa ba

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana kan taɓa digiri 40 a kudancin Katsina, da wuya mutum ya bi hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, ko ta Ɗandume zuwa Sabuwa, bai tarar da mota a gefen titi ba, an ɗage bonet, tururi na tashi, yaron mota ya bazama neman ruwa da galan. Ko dai Golf ce da aka cika maƙil da fasinja, ko Sharon, ko tsohuwar J5 mai nishi da buhunan masara. Tafasar mota ta zama ruwan dare, har direbobi sun ƙirƙiro mata dabaru iri-iri: wannan ya cire ragar gaba, wancan ya bar bonet a ɗan buɗe ya ɗaure da roba, wani ya sa mai wayarin ya haɗa fanka kai-tsaye don ta riƙa juyawa tun daga murza makulli.

Yanzu kuma waya ta zo da wata sabuwa. Mai leƙa TikTok ko Facebook yana iya cin karo da bidiyon motocin da aka ciro musu lagireto daga gaba aka kafa shi a baya, a cikin but ko a bayan kan akori-kura, an jera masa manyan fankoki. Direban da tafasa ta ishe shi zai ce ai ga magani ya samu, kuma ba za a rasa mai waldar da zai ce masa ya kawo ta ba, wai aikin yini guda ne. Kafin a sa zarto a jikin mota, ya kamata a san masu wannan dabara da abin da ya sa suke yin ta.

Aikin masu tseren mota ne. Dattawan Agadas ba su manta da tseren Faris zuwa Dakar ba, wanda aka fara a ƙarshen 1978, motocinsa suna ratsa hamadar Nijar, kafin a mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. A irin wannan tsere, da na masu kutsa motoci cikin taɓo, lagireton gaba yana cikin haɗari: dutse ya fasa shi, laka ta liƙe shi, ko motar ta dira da hanci ya tarwatse. Wasu kuma sun cusa ƙaton inji a ƙaramar mota har gaba ta cika, babu wurin lagireto. Shi ya sa suke kai shi baya. Ba don can ya fi sanyi ba ne. Hasali ma hasara suke yi, domin a gaba iska kyauta take shigowa muddin mota na tafiya, a baya kuwa sai an nemo ta. Sai sun yanka mashigar iska a rufi ko a gefe, sun yi mata hanyar fita, sun shimfiɗa bututan alminiyam, sau da yawa har da ƙarin famfon ruwa mai aiki da lantarki. Kuma motar nan mutum ɗaya ko biyu take ɗauka, ba kujerar baya, ba buhu.

To, mu ɗauko Golf ɗin da ke jigila tsakanin Funtuwa da 'Yankara. But ɗinta nan ne abincin direba. Ranar kasuwar Sheme a nan ake loda buhuna da jarkoki da akuya, wani lokaci har mutum biyu ko uku su zauna a kai, ƙafafu a waje. Ina lagireto zai shaƙi iska a nan? Buhu ɗaya ya jingina da shi ya gama toshe shi. Bayan mota kuma nan ne ƙura ke murɗawa ta taru. Dubi gilashin bayan duk motar da ta fito daga hanyar burji. Ga salansa kuma kusa, tana ƙara nata zafin.

Sai batun bututu. A gaba, tiyo biyu ne gajeru tsakanin inji da lagireto. Idan aka kai shi baya, ruwa zai yi tafiyar wajen mita uku ko huɗu zuwa, ya yi haka dawowa, alhali famfon da kamfani ya sa ba a yi shi don wannan nisa ba. Kowace gaɓa da aka ɗaure da kilif wurin yoyo ce, kowane lanƙwasa da ya yi tudu maɓoyar iska ce, kuma iska idan ta maƙale a bututu ruwa ba ya zagayawa, inji ya ƙone alhali lagireto yana can baya da sanyinsa. Idan aka bi da bututun ta ƙarƙashin mota, rami ko kututture ɗaya ya ishe shi. Idan aka bi da shi ta ciki, nan ne abin tsoron. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, amma a cikin inji murfi yana matse shi, yakan kai digiri 110 ko fiye bai tafasa ba. Da zarar tiyo ya fashe, nan take yake zama tururi ya yi feshi. A gaba bonet ke tare shi. A baya kuwa ƙafafun fasinja ne, ko uwa da goyonta.

Wani zai ce ai manyan motocin safa na zuwa Legas lagiretonsu a baya yake. Haka ne, amma injinsu ma a can yake, kuma kamfani ya zana su da ragar shan iska a gefe. Ita kuwa tsohuwar Bitil da aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975, ba ta da lagireto sam, iska ke sanyaya ta.

Abin da ya kamata direba ya tambayi kansa shi ne: wannan motar da ta yi shekara da shekaru lagireto na gaba ba ta tafasa, me ya sauya? Amsar galibi ba ta wuce kaɗan. Na farko ruwan da muke zubawa. Ruwan rijiya, na kududdufi, na leda, duk suna barin tsatsa da farin ɓawo a cikin siraran bututan lagireto har rabinsu su toshe. Idan mota ta ɗumi aka kashe ta, aka bi saƙar lagireto da tafin hannu a hankali, nesa da fanka, wuraren da suka toshe za a ji su da sanyi, sauran da zafi. Daga waje kuma ƙurar hunturu da ƙaiƙayin masara da waken suya na lokacin kaka suna liƙewa tsakanin saƙar, musamman a motar da ke da na'urar sanyaya ɗaki, inda shara ke ɓuya tsakanin raga biyu, ido ba ya gani sai an kwance.

Murfi ma ana raina shi, alhali shi ke riƙe da matsin da ke hana tafasa. A Golf yana kan tankin robar nan ne na gefe. Robarsa ta mutu, sai ka ga an naɗe da leda an mayar. Daga ranar mota za ta fara shan ruwa ba a ga inda yake bi ba. Tamostat kuwa, wasu makanikai da an kawo musu mota 'yar Kwatano abin da suke fara cirewa ke nan, wai na ƙasar sanyi ne. Ba haka ba ne. Aikinsa ya riƙe inji a zafin da ya dace, wajen digiri 85 zuwa 90. Idan ya maƙale a rufe lallai mota za ta tafasa, amma maganinsa a sa sabo. Inji marar tamostat ya fi shan mai da safe, ya fi saurin cinyewa, kuma a wasu injinan ruwa yakan riƙa bin gajeriyar hanya ya koma ba tare da ya ratsa lagireto sosai ba. Sauran su ne fanka da ta gaji ko aka haɗa ta tana hura iska baibai, fanbel mai santsi, famfon ruwa da fukafukansa suka cinye, da lodin da ya fi ƙarfin mota.

Akwai kuma alamar da in an gan ta, zancen lagireto ya ƙare: ruwa na ɓulɓulo da kumfa a tanki tun inji bai yi zafi ba, farin hayaƙi na fita ta salansa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Gasket ne ya ƙone, wataƙila ma kan injin ya lanƙwashe. Ko lagireto uku aka jera a baya, ba abin da za su yi.

Ba na cewa ba wanda ke da uzuri. Mai akori-kura ko tifa da ya sauya inji da wanda ya fi na asali girma yana iya samun lagireton da ya zo da motar ya yi masa kaɗan. Shi ma mafitarsa tana gaba: lagireto mai layi biyu ko uku, fanka mai ƙarfi da kwandonta da ke tattara iska, a toshe gefe-gefe don kada iska ta zille. Irin waɗannan kaya ana neman su a Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, kuma kuɗinsu bai kai na bututu da walda da gyaran abin da za a lalata ba. Akasin haka, garin neman gira a rasa ido.

A wannan yanki kuma lissafin ya wuce na kuɗi. Faskari da Ƙanƙara suna iyaka da dazuzzukan Zamfara, Sabuwa tana maƙwabtaka da Birnin Gwari, kuma ba sai an gaya wa mutanen nan abin da ke cikin mutuwar mota a daji bayan la'asar ba. Duk wani gyara da zai ƙara wuraren da mota za ta iya yoyo, ƙarin haɗari ne ga rayukan da ke cikinta. Shugabannin tasha suna da hurumin hana irin wannan mota yin lodi, fasinja ma yana da damar sauka.

Idan allurar zafi ta fara hawa a hanya, a rage gudu, a kashe na'urar sanyi, in hita tana aiki a kunna ta har ƙarshe, a lallaɓa zuwa gari ko shingen jami'an tsaro mafi kusa. In ta shiga ja ko tururi ya fito, dole a tsaya a kashe. Kada a taɓa murfi sai an ba shi aƙalla rabin awa, sannan a dafe shi da tsumma mai kauri a murɗa kaɗan-kaɗan, fuska a kauce. Kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfen yana iya tsagewa. A zuba ruwa sannu a hankali inji na aiki, in an isa gida a zubar da shi a sa ruwan lagireto na kanti, koren nan ko ja. Ragowarsa a ajiye inda yara da dabbobi ba za su kai ba, domin yana da zaƙi-zaƙi a baki kuma guba ne mai kashe ƙoda.