Turancin Ƙofar Sauri: Wa Ya Ci Moriyarsa?

Duk wanda ya san birnin Katsina ya san Ƙofar Sauri, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar garin. Ba nisa da ita, ta wajen unguwar Rafukka, akwai wani tsohon gini na jar ƙasa wanda yawancin masu wucewa ba su ko ɗaga kai su dube shi. Nan ne tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta ran 5 ga watan Maris 1922. In ana zancen Turanci a Arewa, to, a ɗakunan nan aka haƙa babbar rijiyarsa.

Mun ɗauko labarin ginin nan ne saboda wata tambaya da ta shafi 'ya'yanmu. A yau makarantun sakandare da dama suna da ƙungiyar muhawara ko ta koyon aikin jarida, inda yara ke haɗuwa su goge bakinsu da Turanci. A manyan makarantu ma haka, har da wasu zumuntar matasa a majami'unmu. Wannan abu ne mai kyau. Amma ƙungiyar da aka kafa domin Turanci, me ya kamata ta yi wa maƙwabcin da ba ya jin Turanci? Waɗanda suka fara sha daga rijiyar Katsina sun ba da amsa da aikinsu, ya kamata kuwa mu san ta.

Yadda aka koyi Turancin

An kafa kwalejin ne domin horar da malaman da za su koyar a makarantun lardi, karatun kuma na shekara biyar ne. Ɗalibai kaɗan ake ɗauka, ana zaɓo su daga Sakkwato, Kano, Zariya, Bauci, Barno, Ilori da sauran larduna. Shugabanta na farko shi ne G. A. J. Bieneman. Amma malamin da ɗalibai suka fi tunawa da shi wajen Turanci shi ne Gerald Power, gama ba ya barin yaro ya wuce kalma sai ya furta ta daidai. Har aka kai ana gane ɗan Kwalejin Katsina da zarar ya buɗe baki.

Kashim Ibrahim ya shiga a 1925, Ahmadu Bello a 1926, Abubakar Imam a 1927, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a 1928. Shi Tafawa Ɓalewa ne daga baya aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, saboda daɗin Turancinsa. A 1938 aka mai da kwalejin Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, inda ake kiranta Kwalejin Barewa tun 1971.

Tun farko an shirya makarantar domin 'ya'yan Musulmi ne. Iyayenmu da kakanninmu sun koyi nasu Turancin a makarantun mishan, kamar ta Wusasa kusa da Zariya. Hanya biyu ce, amma nan gaba za mu ga inda suka haɗu.

Masu Turanci sun koma ga Hausa

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne wannan. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Su wa suka amsa kira? Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja. Wansa Malam Bello Kagara, malami a kwalejin, ya rubuta Ganɗoki. Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar. Daga Wusasa kuma John Tafida ya haɗa hannu da East suka fitar da Jiki Magayi. Wato mutanen da suka fi kowa jin Turanci a Arewa, kyautarsu ta farko ga jama'a da Hausa suka ba da ita.

A watan Janairu 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, Imam kuwa shi ne editanta na Hausa. Abin da ya karanta da Turanci game da yaƙin duniya, da tsabta, da noma, da sha'anin mulki, sai ya juya shi ya miƙa wa manomi da ɗan kasuwa cikin harshen da suke ji. A ƙauyuka da yawa mutum ɗaya ne kan karanta jaridar da ƙarfi, sauran suna zaune a gindin itace suna saurare.

Daga zauren muhawara zuwa yaƙi da jahilci

Sa'an nan aka shiga zamanin ƙungiyoyi. A 1939 tsofaffin ɗaliban kwalejin suka kafa ƙungiyarsu a Kaduna, da ƙarfafawar shugaban makarantar, E. L. Mort. Ba ta daɗe ba, gama hukuma da wasu sarakuna ba su saki jiki da ita ba. A Zariya, Malam Sa'adu Zungur, wanda ya yi karatu a Katsina kafin ya tafi Kwalejin Yaba a Ikko a 1934, ya tara 'yan boko cikin wata ƙungiyar karatu da zumunci. A Sakkwato matasa irin su Shehu Shagari suka yi tasu.

Wadda ta fi suna ita ce Ƙungiyar Tattaunawa ta Bauci, ta 1943. Malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e ne ke haɗuwa, Turawan mulki ma kan halarta. Zungur yana ciki, Tafawa Ɓalewa yana ciki, Malam Aminu Kano shi ne sakatare. An fara da nufin a riƙa musayar ra'ayi cikin ladabi, amma ba a jima ba sai zancen ya gangaro kan abin da ke damun talaka, har aka kai ga tambayar yadda ake yanka albashin sarakuna. Hukuma ta rufe ƙungiyar. Su kuwa ba su watse ba, sai suka kafa Ƙungiyar Ci Gaban Bauci a madadinta.

A nan ne hanyar Katsina da ta Wusasa suka haɗu. A 1948 Dokta Russell Barau Dikko, ɗan Wusasa, Kirista, likita na farko daga Arewa, ya kira taro a Zariya, Malam D. A. Rafih kuma ya kira nasa a Kaduna. Daga tarurrukan nan Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fito, a taronta na Kaduna na 1949 kuma aka zaɓi Dokta Dikko shugaba. Ba jam'iyyar siyasa ba ce a lokacin, ƙungiyar zumunci ce da raya al'adu, ta kuma ce abokan gābanta uku ne: jahilci, lalaci da zalunci. Sai a 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar NPC, ma'aikatan gwamnati irin su Dikko suka janye daga shugabanci. Musulmi masu rinjaye sun zaɓi Kirista ya shugabance su, domin abin da ya haɗa su ya fi abin da ya raba su nauyi.

A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki ɗaya daga cikin abokan gāban nan uku ta mai da shi aiki, wato Yaƙi da Jahilci. Malam Ahmadu Kumasi, mutumin Katsina, yana cikin manyan jagororinsa. Aka buɗe ajin manya a garuruwa da ƙauyuka, masu ɗan ilimi suna koya wa magidanta karatu da rubutu da lissafi. Daga 1954 zuwa 1959 hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna: Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, Zumunta ta Bauci. Har yanzu akwai tsofaffi a cikinmu da za su gaya mana a ajin nan suka fara rubuta sunansu.

Inda muke a yau

Turanci bai rage ƙarfi ba, sai ma ƙaruwa. Yaron da bai sami kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya fi kowa lissafi. A jarrabawar JAMB, Turanci dole ne ga kowa. Takardar banki, da ta neman aiki, da sammacin kotu, da bayanin da ke jikin kwalin magani, da saƙon da ke shigowa a waya cewa an cire kuɗi, duk da Turanci suke. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, amma a watan Nuwamba 2025 ta soke wannan, ta ce a koma ga Turanci. Masana suna ta jayayya a kai. Mu dai abin da muka sani shi ne, yaron da ba a yi masa Turanci a gida ba, shi ne zai fi shan wuya.

Ga kuma wani nauyin da mutanen 1943 ba su sani ba. 'Yan bindiga sun raba iyalai da yawa da ƙauyukansu a ƙasashen Batsari, Jibiya, Safana da Faskari, wasu sun shigo birnin Katsina sun raɓe wurin dangi. A watan Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ko da yake an sako su. Yaron da ya bar aji shekara biyu ko uku, in ya komo, abin da ya fi kā da shi shi ne karanta Turanci, daga nan kuma sauran darussa su bi su zube.

A cikin majami'unmu ma abin ya shigo. Ikilisiyoyi da yawa suna da sujadar Hausa da ta Turanci. Ba laifi ba ne, amma mu faɗi gaskiya: matasa masu takardu sukan taru a ɗaya, tsofaffi da gwauraye da 'yan ƙauye su taru a ɗayan, a rabu a bakin ƙofa ba tare da an gaisa ba. Har mun ji yaro yana yi wa mahaifiyarsa dariya domin ta karya Turanci, alhali kuwa da kuɗin ƙosanta aka biya masa makaranta.

Aikin da ke jiran ƙungiyoyinmu

Ba mu ce a daina muhawara da gasar rubutu da walimar ƙarshen shekara ba. Zumunci shi ne igiyar da ke ɗaure ƙungiya, kuma a cikin irin wannan hira ce mutanen Bauci suka wasa hankalinsu. Amma a ƙara da aiki. Katsina tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga kuma 'yan bautar ƙasa da ake turowa kowace shekara. Masu jin Turanci ba su yi kaɗan ba.

Ƙungiya mai mutum goma za ta iya ɗaukar yara ashirin da suka faɗi Turanci, ta zauna da su yamma biyu a mako har jarrabawa ta zagayo. Ba a bukatar komai sai allo da alli da tsofaffin takardun tambayoyi da ɗaki, ɗakunan makarantar Lahadi kuwa a kulle suke daga Litinin zuwa Asabar. Za ta iya tara littattafan karatu da 'ya'yanmu suka gama da su, ta kai wa yaran da suka gudo daga ƙauye. Za ta iya sa mutum biyu su raka tsohuwa asibiti, su karanta mata yadda za ta sha magani, ko su taya gwauruwa cika takardar haƙƙin mijinta don kada wani ya cuce ta. Wanda ke tsare a gidan yari yana jiran shari'a, sau da yawa ba ya fahimtar takardar da ke hannunsa, ziyara ɗaya ta mai karatu tana iya zama farkon fitarsa.

Sai dai a kiyaye abu uku. Kada a tambayi addinin yaro kafin a ba shi benci, gama jahilci ba ya tambaya. Kada a ci tarar wanda ya yi Hausa a aji, kamar yadda aka yi wa da yawanmu a makaranta. Da Hausa za a bayyana masa Turancin ya zauna. Kuma kada a fara da yawa, domin ajin da aka buɗe da ganga aka rufe bayan wata ɗaya ya fi wanda ba a buɗe ba karya zuciya. Da sannu-sannu ƙwana nesa.

Ɗaliban Gerald Power sun yi shekara biyar suna gyara lafazi, amma ba lafazin ne ya sa ake tunawa da su ba. Littattafan da suka rubuta, da jaridar da suka fitar, da ajin manya da suka buɗe, su ne suka rage a hannun jama'a. Muna roƙon shugabannin zumuntar matasa, da malaman makaranta da ke cikinmu, da dattawan da ke riƙe da mabuɗan ɗakunan nan, su zauna su dubi wannan magana kafin jarrabawa mai zuwa. Allah ya ba mu ƙarfin yi. Amin.