Gyaran Lotsattsiyar Salansar Baburan Daji Masu Bugu Biyu

1.0 Gabatarwa

Kalmar salansa ta shigo Hausa ne daga Turanci, kuma a bakin yawancin jama'a tana nufin bututun da hayaƙi yake bi ya fita daga inji, wanda kuma yake rage ƙara. Wannan ma'ana ta wadatar ga mota da baburan da ake hawa a cikin gari. Sai dai akwai wani nau'in babura da aikin salansarsu ya wuce nan, wato baburan daji masu inji mai bugu biyu, waɗanda aka ƙera domin tsere da ratsa duwatsu da rairayi da kwazazzabai. A jikin irin waɗannan babura, salansa wani sashe ne na injin kansa, domin siffarta ce take tsara yawan ƙarfin da zai bayar. Ga shi kuma ita ce ta fi kowane sashe shan duka, saboda ta kumburo a gaban injin, daf da bayan tayar gaba. A wannan babi za a yi bayanin yadda take aiki, da illar da lotsawa take jawo mata, da hanyoyin da kanikawa suke bi wajen mayar da ita siffarta, tare da haɗarin da ke tattare da kowace hanya.

2.0 Inji Mai Bugu Biyu

Ana kiran inji mai bugu biyu ne idan fistin ya kammala aikinsa a hawa ɗaya da sauka ɗaya, wato duk juyi ɗaya na kiranshaf sai filogi ya ba da wuta. Inji mai bugu huɗu kuwa sai ya yi juyi biyu kafin wuta ta tashi sau ɗaya. Shi mai bugu biyu ba shi da bawul a kan silinda. A maimakon haka an huda kafofi a jikin bangon silindar, fistin ne kuma yake buɗe su yana rufewa yayin da yake kaiwa da komowa. Man da yake sha ma ana haɗa shi da baƙin mai, wanda yake ƙonewa tare da fetur, shi ya sa aka san shi da shuɗin hayaƙi.

Wannan inji ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin shi ne a jikin Vespa ta da, da Jincheng AX100 da 'yan acaɓa suka yi yayi, kafin babura masu bugu huɗu su mamaye kasuwa. A fagen baburan daji kuwa, kamfanin Yamaha na Japan ya fito da DT-1 a 1968, Honda kuma ya biyo da CR250M a 1973. Honda ya daina ƙera baburan tserensa na CR masu bugu biyu bayan 2007, amma Yamaha yana ci gaba da YZ125 da YZ250, haka ma KTM na Ostiriya da Beta na Italiya suna da nasu.

Babban raunin wannan inji shi ne, lokacin da fistin ya sauka ƙasa, kafar fitar hayaƙi da kafofin shigar sabon mai duk a buɗe suke. Ke nan wani kaso na man da ya shigo yakan bi bayan hayaƙi ya fice ba tare da ya ƙone ba. Domin toshe wannan ɓaraka aka ƙirƙiro salansa mai tumbi.

3.0 Siffar Salansar da Aikinta

Salansar tana da gaɓoɓi biyar a jere. Akwai wuya, wanda yake manne da silinda. Daga shi sai mazurari mai buɗewa, sai tumbi inda ta fi faɗi, sai mazurari mai tsukewa, sannan siririyar wutsiya. A ƙarshen wutsiyar ne ake saƙala gwangwanin alminiyam mai rage ƙara. A Hausa duka biyun salansa ake ce musu, amma wadda ake magana a kanta a nan ita ce mai tumbin, wadda ake yi da fallen ƙarfe mai kaurin kusan milimita ɗaya.

Aikinta ya yi kama da amsa-kuwwa. Da zarar kafar hayaƙi ta buɗe, sai wani bugu na matsi ya shiga bututun da gudun sauti. Idan ya isa mazurari mai buɗewa, sai wani kaso nasa ya komo baya a matsayin zuƙa, wadda take janye sauran hayaƙi daga silinda, ta kuma jawo sabon mai. Idan ya ci gaba ya daki mazurari mai tsukewa, sai ya komo a matsayin turi, ya mayar da man da ya tsere cikin silinda kafin fistin ya rufe kafar.

Duk wannan yana faruwa ne cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Alal misali, injin da yake juyi 8,000 a minti yana yin juyi 133 ne a daƙiƙa ɗaya, kafar hayaƙi kuma a buɗe take na kusan rabin kowane juyi, wato ƙasa da kashi huɗu cikin dubu na daƙiƙa. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa cikin iska mai matsakaicin zafi, amma cikin hayaƙi mai zafi yakan kai mita 500 ko fiye. Saboda haka tsawo da faɗin kowace gaɓa lissafi ne aka yi, domin amsa-kuwwar ta iso a kan kari.

Injiniyan da ya fi shahara wajen inganta wannan fasaha shi ne Walter Kaaden na kamfanin MZ da ke Jamus ta Gabas, a shekarun 1950. A 1961, mahayin kamfanin, Ernst Degner, ya gudu daga ƙasar bayan wani tsere a Suwidin, ya koma Suzuki da ilimin da ya samu, ya kuma ciwo wa kamfanin kambun duniya na ajin 50cc a 1962.

4.0 Illar Lotsawa

Ba duk lotsawa ce take da illa iri ɗaya ba, gurbinta da zurfinta su ne abin dubawa. Ƙaramar lotsawa a tumbi ba ta cika canza komai ba, domin wurin yana da yalwa, mahayi ma ba lalle ya ji bambanci ba. Lotsawar wuya kuwa ta fi muni, saboda bututun a tsuke yake, hayaƙi kuma a nan ya fi zafi da gudu. Babur yakan rasa ƙarfi, ya riƙa nauyin tashi. Idan wutsiya ce ta matse, zafi yakan taru a cikin injin har fistin ya kumbura ya kame a silinda, ƙaramar matsala ta zama sauke inji.

Har ila yau, duka mai ƙarfi yakan karkatar da salansar gaba ɗaya, bakinta ya daina zama daidai a kan silinda. Alamar haka ita ce yoyon baƙin mai a gindin wuya. Bakanike mai lura yakan duba wannan kafin ya taɓa lotsawar kanta.

5.0 Hanyoyin Gyara

Tumbin salansa rufaffe ne, kuma a lanƙwashe take, don haka guduma ba ta isa wurin daga ciki. Dabarar gyaran duka ita ce a sami abin da zai turo ƙarfen daga ciki, ko ya jawo shi daga waje.

5.1 Share Fage

Kafin komai sai an kwance salansar, an cire zoben roba da sifirin da gwangwanin rage ƙara. Daga nan sai wanki. Cikinta cike yake da kunkunniya da daskararren baƙin mai, waɗanda suke kamawa da wuta idan sun ji zafi. Akan wanke da ruwan zafi da sabulu mai yanke maiƙo, a ɗauraye, a bari ta bushe sarai. Ba a wankewa da fetur a rufe, domin tururinsa ya fi dauɗar da aka wanke haɗari. Sannan a duba ko akwai tsaga, a yi mata walda, tun da salansa mai yoyo ba ta riƙe matsi.

5.2 Iska da Wuta

Wannan ita ce hanyar da ta fi yaɗuwa. Akan toshe baki biyun salansar da matosai na musamman masu maɗauri, ɗaya daga cikinsu yana da bawul irin na taya da ma'aunin iska. Sai a ɗura iska da inji irin na masu faci. Kanikawa da yawa sukan tsaya tsakanin psi 30 zuwa 60, wato daga kwatankwacin iskar tayar mota zuwa ninkinta, kuma da kaɗan ake farawa.

Bayan haka sai a kunna wutar walda ta gas, a riƙa kewaya gefen lotsawar da ita, ana matsowa tsakiya sannu a hankali. Idan ƙarfen ya yi ja, wato zafinsa ya kai wajen digiri 750 zuwa 800 a ma'aunin Salsiyas, sai ya yi laushi, iskar ciki ta turo shi waje. Dalilin farawa daga gefe shi ne, a nan ƙarfen ya lanƙwashe ya yi tauri, kuma shi ne yake riƙe da lotsawar. Idan aka fara da tsakiya, sai wurin ya yi ƙulu, gefen yana nan yadda yake. Idan kuma aka tsayar da wuta wuri ɗaya, sai ƙarfen ya yi ƙari ko ya huje. Inda akwai kaifin karo, akan bi shi da ƙaramar guduma a hankali yana da zafi.

Haɗarin wannan hanya ba ƙarami ba ne. Matoshi mai faɗin santimita huɗu da rabi, a matsin psi 60, yana ɗauke da turin da ya haura nauyin kilo 60, kuma idan ya kuɓuce tamkar harsashi yake fita. Bugu da ƙari, zafi yana ƙara matsin iskar da aka kulle, saboda haka wajibi ne ido ya kasance a kan ma'auni, a riƙa rage iska idan ta hau. Dole ne a ɗaure matosan da waya ko sarƙa, a juya bakunan zuwa inda babu kowa, a kori 'yan kallo da yaran shago, a kuma sa gilashin kare fuska da safar hannu ta fata. Abin da ba a yi ko kusa shi ne ɗura iskar oksijin ta tukunyar walda, domin haɗuwarta da maiƙo da zafi fashewa ce. Wasu ma sukan zaɓi iskar naitirojin saboda ba ta taimakon wuta. Wanda ya yi sakaci da waɗannan, garin neman gira zai rasa ido.

5.3 Ƙanƙara

Ruwa yana ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare. Bisa wannan ne wasu suke cika salansa da ruwa, su toshe, su sa a firiza, ƙanƙara ta turo lotsawar. Hanya ce mai arha da ba ta buƙatar wuta, sai dai ƙanƙara ba ta zaɓen inda za ta tura. Takan kumbura lafiyayyen wuri, ko ta farke layin walda, musamman idan an bar ta ta kwana ba a dubawa. Ta fi dacewa da lotsawa mai faɗi marar zurfi, kuma akan maimaita ta sau da dama ana lura.

5.4 Matsin Ruwa

A nan akan cika salansar da ruwa har iska ta fita ƙaf, a toshe, sannan a ƙara matsi da famfon hannu. Fifikon wannan hanya shi ne ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka idan wani wuri ya ɓalle, tsartuwa kawai zai yi matsin ya faɗi. Amma da yake ƙarfen a sanyi yake, ana buƙatar matsi mai yawa ƙwarai, wanda yakan yi ƙoƙarin miƙar da lanƙwasar salansar. Saboda haka akan gwada ta a jikin babur bayan an gama.

5.5 Ja da Yanka

Idan lotsawar ta yi kaifi, akan bi dabarar fanalbita. A like washa ko ƙusa da walda a kan wurin, a ɗumama, a ja, sannan a yanke a goge. Idan kuwa ta matse sarai, sai a yanka salansar a kan layin walda mafi kusa, a buge ta daga ciki a kan maƙera, a mayar a like. Kafin yanka akan ja layin shaida a ɓangarori biyun, domin kuskuren 'yan milimita yakan hana ta komawa mazauninta.

6.0 Bayan Gyara

Idan ƙarfe ya huce da kansa, sai a sa iska kaɗan, a shafa ruwan kumfa domin gano yoyo. Wurin da wuta ta taɓa yakan canza launi, ya kuma yi saurin tsatsa, don haka akan goge shi a shafa mai ko fenti mai jure zafi. Wajen ɗaurawa akan sa sabon zoben roba, kuma salansar ta zauna da kanta ba tare da an tanƙwara ta ba. Ya kamata a sani cewa duk gyara yana rage wa ƙarfe ƙwari, saboda haka wadda ta sha wuta sau da yawa ko tsatsa ta cinye, canji ya fi mata. Mahaya duwatsu kuwa sukan ɗaura mata garkuwa ta alminiyam ko ta zaren kabon tun tana sabuwa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa salansar babur mai bugu biyu tana aiki ne da amsa-kuwwar hayaƙi, kuma lotsawar wuya da ta wutsiya sun fi ta tumbi illa. An kuma kawo hanyoyi huɗu na gyara, wato iska da wuta, da ƙanƙara, da matsin ruwa, da ja ko yanka. Zaɓen hanya ya danganta ne ga gurbin lotsawar da zurfinta da kayan aikin da ke hannu. Inda babu matosai masu inganci da ma'aunin iska, barin ƙaramar lotsawa a tumbi ya fi taɓa ta.

Tambayoyi

1. Bambanta inji mai bugu biyu da mai bugu huɗu.
2. Kawo gaɓoɓin salansa biyar, tare da bayanin aikin mazuraran nan biyu.
3. Me ya sa ake fara ɗumama gefen lotsawa kafin tsakiyarta?
4. Kwatanta haɗarin matsin iska da na matsin ruwa.
5. Tsamo kalmomin aro guda goma daga wannan babi, a nuna yadda Hausa ta daidaita furucinsu.