Yadda faɗaɗar Amurka zuwa yamma ta raba kan ƙasar a kan batun bauta

A cikin shekaru 45, daga 1803 zuwa 1848, Amurka ta tashi daga ƙasar da iyakarta ta tsaya a kogin Mississippi, ta zama wadda ta ratsa nahiya tun daga gaɓar Tekun Atlantika har zuwa ta Tekun Pasifik.

To sai dai duk wani sabon yanki da ta samu yakan zo ne da tambaya guda: shin za a halatta bautar da mutane a cikinsa, ko kuwa za a haramta? Rashin cimma matsaya a kan wannan tambaya ne ya jefa ƙasar cikin yaƙin basasa a shekarar 1861.

Galibin 'yan siyasar arewacin Amurka na wancan zamani sun amince cewa tsarin mulki bai ba gwamnatin tarayya ikon taɓa bauta a jihohin da ake yin ta ba. Amma sababbin yankunan yamma, waɗanda ba su kai ga zama jihohi ba, suna ƙarƙashin ikon majalisar dokokin tarayya ne. A can ne aka ja daga.

Ma'aunin majalisa

Tun daga shekarar 1804 dukkan jihohin arewa sun riga sun haramta bauta, ko kuma sun kafa dokar kawar da ita sannu a hankali. A kudu kuwa, tattalin arziki ya dogara ne kacokan kan ƙwadagon bayi 'yan asalin Afirka.

Tsarin mulkin da aka rubuta a 1787 ya ba kowace jiha kujeru biyu a majalisar dattawa, komai girmanta ko ƙanƙantarta, yayin da ake raba kujerun majalisar wakilai gwargwadon yawan jama'a. Duk da cewa an yarda a riƙa ƙidaya kowane bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun, arewa ta yi wa kudu fintinkau a majalisar wakilai saboda yawan al'ummarta.

Don haka majalisar dattawa ta zama garkuwar masu bayi. Muddin yawan jihohin bauta ya yi daidai da na jihohin 'yanci, babu wata dokar da za ta iya wucewa ba da yardarsu ba. Kowace sabuwar jiha kuwa na nufin ƙarin ƙuri'u biyu ga ɗaya daga cikin ɓangarorin.

Auduga da ƙishirwar ƙasa

A shekarar 1793 wani mai suna Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, wanda ke raba ta da angurya cikin sauri. Nan da nan noman auduga ya zama hanyar kuɗancewa, domin masaƙun Ingila na saye komai yawanta. Kafin ɓarkewar yaƙin basasa, auduga ta kai fiye da rabin darajar kayayyakin da Amurka ke fitarwa waje.

Manoman na buƙatar abu biyu: sabuwar ƙasa da ƙarin hannu. Ƙasar dai an ƙwato ta ne daga ƙabilun asali na nahiyar. Dokar da shugaba Andrew Jackson ya sa wa hannu a 1830 ta buɗe hanyar tasa ƙeyar ƙabilun Cherokee da Creek da Choctaw da Chickasaw da Seminole zuwa hayin kogin Mississippi. An ƙiyasta cewa 'yan Cherokee kimanin 4,000 ne suka mutu sakamakon korar da aka yi musu a 1838 da 1839.

Hannun kuwa na bayi ne. An hana shigo da bayi daga ƙetare tun 1808, amma cinikinsu a cikin gida ya bunƙasa. Tsakanin 1790 da 1860 an kwashe mutane kimanin miliyan ɗaya daga tsofaffin jihohi irin su Virginia da Maryland zuwa gandayen auduga na Alabama da Mississippi da Louisiana, ana raba miji da mata, uwa da ɗa. Yawan bayin ya tashi daga kusan 700,000 a 1790 zuwa kusan miliyan 4 a 1860.

Daga cikin waɗanda suka yi bauta a wannan yanki har da Musulmin Afirka ta Yamma. Abdurrahman Ibrahim ibn Sori, ɗan gidan sarautar Futa Jallon da ke ƙasar Gini ta yanzu, ya shafe kimanin shekaru 40 a wani gandu kusa da garin Natchez, kafin a 'yanta shi a 1828. Ya rasu a Laberiya a shekarar da ta biyo baya.

Layin Missouri

A 1803 shugaba Thomas Jefferson ya sayi yankin Louisiana daga hannun Napoleon na Faransa a kan dala miliyan 15, cinikin da ya kusan ninka faɗin Amurka sau biyu.

Rikicin farko ya taso ne a 1819, lokacin da Missouri, wani ɓangare na wannan yanki, ta nemi zama jiha mai bauta. A lokacin akwai jihohin 'yanci 11 da na bauta 11. Wani ɗan majalisa daga New York, James Tallmadge, ya kawo shawarar a gindaya mata sharaɗin kawar da bauta a hankali, lamarin da ya fusata wakilan kudu.

An sasanta a 1820, bisa ƙoƙarin 'yan siyasa irin su Henry Clay. Aka amince Missouri ta shigo da bayinta, Maine kuma ta shigo a matsayin jihar 'yanci. Sannan aka shata layi daidai da iyakar kudancin Missouri, aka haramta bauta a sauran yankin da ke arewa da layin.

Jefferson, wanda shi kansa mai bayi ne, ya kwatanta rikicin da ƙararrawar gobara da ke tada mutum da tsakar dare. An dai kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin layin ya shafi ƙasar da aka saya daga Faransa ne kawai.

Yaƙi da Mekziko

Mekziko ta haramta bauta a 1829, amma Amurkawan da suka yi ƙaura zuwa lardinta na Texas sun ci gaba da riƙe bayinsu. Sun ɓalle a 1836, kuma a 1845 Amurka ta karɓi Texas a matsayin jihar bauta. A wannan shekara ce wani ɗan jarida, John O'Sullivan, ya yaɗa ra'ayin cewa mamaye nahiyar wata ƙaddara ce bayyananna da Ubangiji ya rubuta wa Amurkawa.

Yaƙi ya ɓarke a 1846 a zamanin shugaba James Polk. Yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ta miƙa wa Amurka Kalifoniya da New Mexico da ƙasashen da ke tsakaninsu. Idan aka haɗa da Texas, Mekziko ta yi asarar kimanin rabin ƙasarta.

Tun ana cikin yaƙin, a watan Agustan 1846, ɗan majalisa David Wilmot na Pennsylvania ya gabatar da ƙudurin haramta bauta a duk ƙasar da za a samu daga Mekziko. Majalisar wakilai ta amince, ta dattawa ta ƙi. Abin da ya girgiza 'yan siyasa shi ne yadda aka kaɗa ƙuri'ar: wakilai sun ajiye jam'iyya gefe, 'yan arewa suka koma ɓangare guda, 'yan kudu ɓangare guda.

Ba duk masu goyon bayan Wilmot ne ke tausayin bayi ba. Da yawansu, har da shi kansa, na son a keɓe filayen yamma ne ga ƙananan manoma farar fata, waɗanda ba za su iya gogayya da masu gandaye da ke noma da bayi ba.

Ɓarakar ta shiga har wuraren ibada. Majami'ar Methodist ta dare gida biyu bayan taronta na 1844, ta Baptist kuma a 1845, duk a kan batun bauta.

Sulhun 1850

Gano zinare a Kalifoniya a 1848 ya ja dubban mutane zuwa can, kuma suka nemi zama jihar 'yanci. A sulhun da aka yi a 1850 an biya musu buƙata, jihohin 'yanci suka zama 16, na bauta 15. An bar wa mazauna Utah da New Mexico zaɓi, an kuma hana cinikin bayi a birnin Washington.

Abin da kudu ta samu shi ne tsattsaurar doka kan bayin da suka gudu. Dokar ta wajabta wa jama'ar arewa taimakawa wajen kamo su, ta kuma tanadi tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida ga wanda ya ɓoye su. Wanda aka kama ba shi da ikon ba da shaida don kare kansa. Jami'in da ya yanke hukuncin mayar da shi ga ubangidansa yana samun dala 10, idan kuwa ya sallame shi dala 5.

Wannan doka ta kai bauta har ƙofar gidan mutanen da a da suke jin labarinta daga nesa. Littafin Uncle Tom's Cabin na Harriet Beecher Stowe, wanda ya fito a 1852, ya ƙara rura wutar, inda aka sayar da kwafi kimanin 300,000 a shekararsa ta farko a Amurka.

Jini a Kansas

A 1854 Sanata Stephen Douglas na Illinois, wanda ke son a shimfiɗa layin dogo zuwa yamma, ya jagoranci kafa dokar Kansas da Nebraska. Dokar ta soke layin 1820, ta ce mazauna kowane yanki ne za su yanke shawara da ƙuri'arsu.

Sai ɓangarorin biyu suka shiga rige-rigen cika Kansas da magoya bayansu. Dubban mutane daga Missouri sun tsallaka iyaka suka kaɗa ƙuri'a ba bisa ƙa'ida ba a 1855, har ta kai yankin na da gwamnatoci biyu masu adawa da juna.

A watan Mayun 1856 masu goyon bayan bauta suka far wa garin Lawrence. Kwanaki kaɗan bayan haka John Brown, mai tsananin adawa da bauta, ya jagoranci kashe mutum biyar daga ɗaya ɓangaren. A cikin makon ne kuma ɗan majalisa Preston Brooks ya lakaɗa wa Sanata Charles Sumner dukan kawo wuƙa da sanda, a cikin zauren majalisar dattawa.

Dokar ta ƙarasa rusa jam'iyyar Whig, ta kuma haifar da jam'iyyar Republican, wadda babbar manufarta ita ce hana bauta shiga yankunan yamma.

Hukuncin kotu da zaɓen 1860

A 1857 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin babban alƙali Roger Taney, ta yanke hukunci a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott, wanda ya nemi 'yanci saboda ya taɓa zama da ubangidansa a inda aka haramta bauta. Kotun ta ce baƙar fata ba 'yan ƙasa ba ne, kuma majalisa ba ta da hurumin hana bauta a yankunan tarayya. Hukuncin ya toshe hanyar sulhun da aka saba bi tun 1820.

Harin da John Brown ya kai rumbun makamai na Harpers Ferry a watan Oktoban 1859, da nufin tayar da boren bayi, ya ƙara tsorata kudu. An rataye shi a watan Disamba.

Abraham Lincoln na jam'iyyar Republican ya lashe zaɓen 1860 da kimanin kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'un jama'a, ba tare da ya ci ko jiha guda a kudu ba. Ya yi alkawarin ba zai taɓa bauta a inda take ba, amma ya ƙi amincewa da shawarar Sanata John Crittenden ta farfaɗo da layin Missouri tare da miƙa shi har zuwa Tekun Pasifik.

Ga masu bayi, killace bauta a wuri guda tamkar yanke mata hukuncin kisa ne, domin sababbin jihohin 'yanci za su yi ta ƙaruwa har su rinjaye su. Jihar South Carolina ta ɓalle a ranar 20 ga watan Disamban 1860, wasu shida suka bi sahu kafin a rantsar da Lincoln. An fara musayar wuta a sansanin Fort Sumter a ranar 12 ga watan Afrilun 1861, kuma a ƙarshe jihohi 11 ne suka fice.

A watan Yunin 1862 majalisar, wadda wakilan jihohin da suka ɓalle suka ƙaurace wa, ta haramta bauta a dukkan yankunan tarayya. Yaƙin ya ƙare a 1865 bayan mutuwar sojoji aƙalla 620,000, kuma a watan Disamban wannan shekara gyara na 13 ga tsarin mulki ya haramta bauta a faɗin ƙasar baki ɗaya.