Injin Sauya Layi Ya Ƙi Motsi? Yadda Ake Gano Matsalar Wayarin a Ƙaramin Jirgin Ƙasa na Tebur

Wataƙila ka taɓa cin karo da bidiyon nan a YouTube ko TikTok: ƙananan jiragen ƙasa na zagaya gari guda da aka gina a kan tebur, da tashoshi da gadoji. Abin sha'awa ne da ya yi ƙarfi a Ingila da Jamus da Amurka da Japan, kuma mafi shahara shi ne Miniatur Wunderland da ke birnin Hamburg. A Ingila an fi amfani da ma'aunin OO, inda komai ya ƙanƙance sau 76, faɗin layin kuma milimita 16.5 ne.

Abin da kyamara ba ta nunawa shi ne ƙarƙashin teburin. A duk mararrabar da layi ya rabu biyu akwai ɗan injin da ke tura harsunan layin hagu ko dama, kuma shi ya fi ba masu wannan harka ciwon kai. Sai dai sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, wutar ce ba ta isa gare shi yadda yake so.

Wanda aka fi sani shi ne mai maganaɗisu, irin PL-10 na kamfanin Peco ko na Hornby. Kwayil biyu ne a cikinsa da ɗan ƙarfe a tsakani. Ka ba wannan wuta ya fizgo ƙarfen, ka ba wancan ya mayar da shi. Shi ya sa wayoyinsa uku ne: ɗaya ga kowane kwayil, ta ukun kuma ta haɗaka ce da wuta ke komawa ta cikinta. Yawanci volt 16 ake ba shi, kuma yana zuƙar amp biyu ko fiye, amma na ƙiftawar ido kawai. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci mafi yawan matsalolinsa.

Kafin ka taɓa wayarin, tura mararrabar da yatsa. Idan ta yi tauri, duba ko tsakuwar ado ko gam sun shiga tsakanin harsunan, ko sandar injin na gogar bakin ramin katako. Ba wutar da za ta gyara wannan.

Idan tana motsi sumul, sai ka saurari yadda injin ke yi. In yana zuwa gefe ɗaya ya ƙi dawowa, wayar haɗaka lafiya take, tunda da ta katse da duka ɓangarorin sun mutu. Laifin na wayar wancan kwayil ne, ko ƙafar makunni, ko dalmar da ta saki. Kashe wuta, ka cire wayoyin, ka auna kowane kwayil da mitar gwaji. Ohm kaɗan za ka gani, kuma ya kamata biyun su yi kusan daidai. Wanda bai nuna komai ba ya ƙone. In kuwa shiru ne ta kowane gefe, fara da wayar haɗaka da taransifoma.

Mafi ruɗarwa shi ne injin da ke gurnani amma ya kasa tura layin. Ka auna wuta ka ga volt 16 cif, ka ɗauka komai daidai ne, alhali mita ba ta jan wutar kirki, don haka ba ta ganin abin da ke faruwa sa'ad da kwayil ya zuƙa. Daidai yake da kebul ɗin caji mai arha: wayarka za ta nuna tana caji, amma awa uku ba ta cika ba, saboda zaren cikinsa siriri ne. Gwajin mai sauƙi ne. Ɗauki gajerun wayoyi biyu masu kauri daga taransifoma ka ɗan taɓa injin kai tsaye. Idan ya buga da ƙarfi, sauya doguwar wayar da mai kauri, irin 16/0.2, wato mai zare 16, musamman ta haɗaka idan injuna da yawa ne a kanta.

A ganina duk mai irin wannan injin ya sayi CDU tun farko. Ɗan allo ne mai kafasita da ke tara wuta ya sake ta gaba ɗaya, kamar filashin kyamarar masu hoto. Bugun ya fi ƙarfi, sannan bayan ya juye, 'yar wutar da ke biyo baya ba ta isa ta dafa kwayil ba. Wannan na da muhimmanci domin babban abin da ke ƙona injunan shi ne makunnin da ke zama a kunne. Mai komawa da kansa ake so, irin na ƙararrawar ƙofa. Warin roba ko injin da ya yi zafi alama ce ta ka kashe wuta nan take.

Akwai kuma masu tafiya a hankali, kamar Tortoise da Cobalt. Su wayoyi biyu ke tuƙa su da wutar DC, kuma an ƙera su su zauna da wuta a jiki. Idan ɗaya ya juya saɓanin yadda kake so, musanya wayoyin biyu kawai. Kada ka haɗa shi da CDU.

Wani lokaci mararraba na juyawa daidai, amma jirgi na hawanta sai wuta ta ɗauke. Duba ƙaramin makunnin da ke jikin injin, wanda ke ba tsinin da layuka biyu suka haɗu wuta. Yawanci wayoyin biyu da suka zo masa daga layukan ne aka juya. Duk wannan aiki a ɓangaren ƙaramar wuta ake yinsa. Akwatin taransifoma da ke shiga soket ɗin bango ba a buɗe shi, idan ya lalace sabo ake saya.