Amanar da Ke Bin Ilimi: Sharar Guba a Harabar Jami'a

Sanannen abu ne cewa kowane gida da ake zaune a cikinsa yana fitar da shara, amma ba kowa ne ya lura ba cewa gidan ilimi, wato jami'a, da yake a cikinsa ake haɗa sinadarai, ake adana gawa domin koyon likitanci, ake kuma tara dubban na'urori masu aiki da lantarki, yana fitar da wata irin shara wadda ba ta ruɓewa ta zama taki, wadda kuma in aka yi sakaci da ita takan cutar da mutanen da ba su taɓa taka ƙofar aji ba. Alal haƙiƙa, alhakin jami'a a kan abin da ta saya ba ya sauka daga wuyanta ranar da abin ya tsufa, ko ranar da aka ɗora shi a mota aka fita da shi ta babbar ƙofa, sai ranar da aka tabbata ba zai ƙara cutar da kowa ba.

Abin da ya auku a birnin Delhi na ƙasar Indiya a shekarar 2010 ya isa hujja a kan wannan magana. Sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Delhi ya mallaki wata na'ura ƙirar Kanada mai suna Gammacell tun wajen shekarar 1968, wadda ake amfani da ita wajen haska abubuwa da tiririn nukiliya domin bincike, a cikinta kuwa akwai wasu 'yan sanduna na ƙarfen kobal-60, an lulluɓe su da dalma mai kauri domin kada tiririn ya fito. Daga 1985 aka daina aiki da na'urar, ta zauna shekara 25 a ajiye, har a watan Fabrairu na 2010 aka lissafa ta cikin tsofaffin kaya, aka yi gwanjonta ga masu sayen ƙarafa na kasuwar Mayapuri da ke yammacin birnin. Su kuwa ma'aikatan kasuwar, da yake ba su san abin da ke hannunsu ba, sai suka sa guduma da wuta suka fasa murfin dalmar domin su sayar, sandunan suka warwatsu cikin shaguna, ba a ankara ba sai a watan Afrilu, lokacin da aka fara kai mutane asibiti da ƙunar fata da zubar gashi. Mutum ɗaya ya rasu, wasu suka daɗe a kwance, hukumar kula da makamashin nukiliya ta ƙasar ta dakatar da jami'ar daga amfani da irin waɗannan kaya, shugaban jami'ar kuma ya fito ya ɗauki alhakin abin da ya faru.

Mai karatu zai iya tambaya yadda na'urar da ta shekara 42 za ta kashe mutum. Ƙarfin kobal-60 yana raguwa da rabi a kowace shekara biyar da wata uku, saboda haka a 2010 ya riga ya ragu da rabi kusan sau takwas, abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin 200 na asalinsa ba, amma duk da haka wannan ɗan saura ya isa ya halaka wanda ya riƙe shi da hannu ko ya kwana kusa da shi. Malaman da suka san wannan lissafi suna cikin jami'ar, waɗanda suka fasa na'urar kuwa ba su san shi ba, kuma a tsakanin masu sani da marasa sani babu wata takarda ko gargaɗi da ya raka kayan.

Gaskiya ne cewa ba kowace jami'a ce ke da irin wannan na'ura ba, amma babu jami'ar da ke koyar da kimiyya face tana da ɗakin gwaje-gwaje, kuma a bayan kowane ɗakin gwaje-gwaje akwai sito cike da kwalabe, waɗansu an saye su tun zamanin malaman da suka yi ritaya, rubutun jikinsu ya goge, ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki. Daga cikin sinadarai akwai waɗanda tsufa ke ƙara wa haɗari: ita wadda ake kira itar, in ta daɗe tana shan iska, takan haifar da wani gishiri a bakin kwalba wanda murɗa murfi kaɗai kan iya sa shi ya fashe, haka kuma asid ɗin fikirik in ya bushe yakan zama abin fashewa. Akwai kuma waɗanda haɗuwarsu ce fitina, domin in asid ya sadu da gishirin sayanayid a kwatar ɗakin gwaji sai ya tayar da iskar da ke kisa cikin mintuna, in kuwa ya sadu da bilic sai ya fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Fomalin da ake adana gawa da shi an tabbatar yana iya jawo ciwon daji. Zaibar da ke cikin tsofaffin ma'aunan zafi da dogayen ƙwayayen fitila, in ta zube, tururinta ba shi da launi ba shi da wari, amma yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Duk abin da aka tsiyaya a kwata kuwa, ƙasa yake shiga, kuma a ƙarƙashin wannan ƙasa ne ruwan da rijiyoyin burtsatse na ɗakunan kwanan ɗalibai da unguwannin maƙwabta suke ɗebowa yake kwance.

Sai kuma sharar kayan lantarki, wadda take ƙaruwa cikin sauri a wannan zamani. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta fitar da tan miliyan 62 na irin wannan shara, wadda kuwa aka tabbatar an tattara an sarrafa ta bisa ƙa'ida ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Jami'a tana da nata rabo a ciki: tsofaffin kwamfutoci masu ƙaton gilashi, waɗanda kowanne ke ɗauke da dalmar da ta kai kilo ɗaya ko fiye, da firintoci, da na'urorin sanyaya ɗaki, da wayoyi, da kuma batiran inbata da na sola, waɗanda rashin tsayayyar wuta ya sa suka cika ofisoshi a jami'o'in Nijeriya da Nijar, da yawansu cikinsu dalma ce da ruwan batir. In an yi gwanjon waɗannan kaya ba tare da sharaɗi ba, mun san inda suke ƙarewa, wato hannun 'yan gwangwan da 'yan jari-bola, samari masu neman halal ɗinsu, waɗanda ke ƙona waya domin su ciro jan ƙarfe suna shaƙar baƙin hayaƙin robar, suna fasa batir su zubar da ruwansa a ƙasa, su narka dalmar a fili cikin unguwa. Mu kuwa mutanen arewacin Nijeriya ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba, tun da a shekarar 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara, ko da yake a can daga duwatsun zinariya ta fito, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwadon dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa.

Ba a rasa doka ba a kan wannan al'amari. A shekarar 1988 aka gano dubban duro na sharar guba da aka yi jigilarsu daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu ke cikin Jihar Delta, kuma abin lura shi ne ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka fara sanar da jaridun gida. A sanadiyyar haka gwamnati ta kafa dokar soja mai lamba 42 ta 1988, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai jibge shara mai guba, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wadda daga baya hukumar NESREA ta gaje ta a 2007. A matakin duniya an ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, ƙasashen Afirka kuma suka ƙulla tasu a Bamako a 1991. Amma doka tana tsaye ne a bakin ƙofa, abin da ke faruwa a cikin sito kuwa sai mai riƙe da mabuɗinsa ya sani.

Saboda haka gyara daga cikin gida zai taso, kuma farkonsa rajista ne. Wajibi ne kowane sashe ya riƙe littafin da ke nuna kowane sinadari da kowace na'ura mai haɗari, da ranar sayenta, da inda take, da sunan wanda ke da alhakinta, ta yadda malamin da zai yi ritaya ko ɗalibin da ya kammala bincikensa ba za a sallame shi ba sai ya miƙa abin da ke hannunsa a rubuce. Sa'an nan a saya gwargwadon buƙata, domin kwalbar da ba a saya ba ba ta buƙatar zubarwa, sashen da ke da rara kuma ya ba wanda ke nema. A raba shara tun daga inda aka haife ta, asid daban, sinadarai masu kama wuta daban, masu zaiba da dalma daban, allurai da kayan da suka taɓa jini daban, kowanne a mazubi mai murfi mai rubutu, a ɗaki mai iska wanda ruwan sama ba ya shiga. Kwamitin gwanjo kada ya zauna ba tare da masanin sinadarai da jami'in lafiya ba, kuma batir da gilashin kwamfuta da ƙwayayen fitila kada a miƙa su sai ga kamfanin da ke da lasisin sarrafa su, wanda zai ba da takardar shaida. Kwamfutar da za ta fita a goge abin da ke cikinta, domin sakamakon ɗalibai da bayanan ma'aikata su ma amana ne. Masu shara da masinjoji da masu gadi, waɗanda su ne ke fara taɓa bola da asuba, a koya musu da harshen da suke ji, a ba su safar hannu da takalma da abin rufe hanci.

Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa cuta ana gusar da ita, kuma tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani, sun kuma bayyana cewa hisabin mai sani ya fi na wanda bai sani ba nauyi. Jami'a ita ce mafi sani a garin da take, saboda haka uzurinta ya fi na kowa ƙaranci. Muna kira ga shugabannin jami'o'i da majalisunsu da su ware wa zubar da shara mai guba kasonta a cikin kasafin kowace shekara, kamar yadda suke ware wa sayen kayan gwaji, muna kuma kira ga shugabannin sassa da su buɗe sitocinsu tun a wannan zangon karatu, su ƙidaya abin da ke ciki, su rubuta, kafin wani ya saya a gwanjo bai san abin da ya saya ba. Allah Ya sa mu zama masu riƙon amana.